Sharhi: Manhajar rage girman hoto, ƙaramar ƙofar da ɓarayin intanet ke bi su shiga shagon ɗan kasuwa

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwannin bakin iyaka, irin su Jibiya da Ɗan Isa da Illela da Birnin Ƙonni da Maigatari, ya san cewa ciniki ya sauya kama a 'yan shekarun nan. A da sai mutum ya taka ƙafa ya je ya ga kaya da idonsa, ya taɓa, ya taya, sannan a sallama. Yanzu kuwa hoto ne ke fara isa kafin kaya. Mai turamen atamfa ya ɗauki hoto ya aika, mai albasar Galmi ya ɗauki hoton buhunansa ya aika, mai raguna ma haka, a yi ciniki a gama alhali mai saye da mai sayarwa kowa yana ƙasarsa. Idan ba a manta ba, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, aka yi fama da ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sannan aka sake rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 a Nijar. Kowanne daga cikin waɗannan ya ƙara tura mu ga wayar salula da aika kuɗi ta waya.

Akasarinmu a WhatsApp da Facebook muka tsaya. To amma akwai waɗanda suka ƙara gaba, wato manyan 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma da kamfanonin sufuri da na fiton kaya, waɗanda suka biya wani yaro masani ya gina musu shafin kansu a intanet. Waɗanda ba su da shafi ma suna shiga na wasu, domin duba kaya a Lome ko Kwatano ko Dubai ko Sin. Saboda haka ne muka ga ya dace mu yi nazarin wani ɗan ƙaramin abu da ke cikin irin waɗannan shafuka, wanda mai shafin kansa bai san da zamansa ba, amma tarihi ya nuna cewa ta nan aka sha yi wa mutane ɓarna. Wannan abu shi ne manhajar da ke rage girman hoto.

Me ya sa ake rage hoto?

Hoton da wayar zamani ke ɗauka yana da nauyi, sau da yawa yakan kai megabait uku zuwa biyar. Idan shafi yana da hotunan kaya talatin, aka bar su da nauyinsu, mai sayen da ke ƙauyen da layi ba shi da ƙarfi zai gaji da jira, kuɗin datarsa ya ƙare, ya rufe ya tafi wurin wani. Don haka masu gina shafi kan sa wata ƙaramar manhaja da za ta karɓi babban hoto ta datse shi, ta rage nauyinsa zuwa abin da bai fi kilobait ɗari ba, ya buɗe nan take. Aiki ne mai amfani, musamman a yankunanmu, kuma babu mai cewa a daina shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, aikin wannan manhaja shi ne karɓar abu daga waje, ta buɗe shi, ta sarrafa shi, ta ajiye shi a cikin kwamfutar da shafin ke zaune a kanta. Kamar ɗan dako ne da aka ba izinin shiga sito da kaya a ka. Muddin ba a duba abin da ke cikin buhun da ya ɗauko ba, to kowa na iya aiko shi da abin da ya ga dama. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma labarin wata manhaja mai suna TimThumb ya isa misali.

Abin da ya faru a 2011

Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya an gina su ne a kan wani tsari na kyauta da ake kira WordPress, wanda aka fara a 2003. Dalilin yawan amfani da shi shi ne sauƙi. Mai gini ba ya farawa daga tushe, yakan ɗauko tsarin, ya saya ko ya samo masa riga, wato fasalin da ke ba shafi launi da kamanni, sannan ya ƙara masa ƙananan manhajojin da wasu suka rubuta. TimThumb ɗaya ce daga cikin waɗannan. Fayil ne guda ɗaya, na kyauta, wanda wani Baturen Ingila mai suna Ben Gillbanks ke kula da shi a wancan lokacin, kuma masu ɗinka rigunan shafi da yawa sun cusa shi cikin kayansu suka sayar wa duniya.

A farkon watan Agusta na 2011, wani masanin kwamfuta mai suna Mark Maunder ya buɗe shafinsa sai ya ji murya tana taya shi murnar wai ya ci kyauta, alhali shi bai sa wata talla ba. Da ya bi sawu sai ya tarar an kutsa masa ne ta TimThumb, ya kuma bayyana wa duniya yadda aka yi.

Ga yadda ɓarakar take. An ba manhajar damar ɗauko hoto daga wasu sanannun wurare kaɗan da aka amince da su, kamar flickr.com, wurin ajiye hotuna. To amma binciken da take yi na sakaci ne, domin abin da take dubawa kawai shi ne ko amintaccen sunan ya fito a cikin adireshin. Sai ɓarawo ya buɗe nasa adireshin, ya liƙa masa wannan suna a gaba, manhajar ta gani ta ɗauka na gida ne. Mu ɗauka a ce an gaya wa mai tsaron shinge ya bar duk motar da aka rubuta wa sunan wani amintaccen kamfani ta wuce, shi kuwa bai duba takarda ba, bai duba lamba ba, fenti kawai yake kallo. Ai duk ɗan fasa-ƙwaurin da ke da kuɗin fenti ya sami hanya.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. Abin da manhajar ta ɗauko takan ajiye shi a wani ɗan sito na wucin gadi da ke cikin shafin, wurin da kowa zai iya kiransa daga waje. Ɓarawo sai ya shirya fayil mai kama da hoto a sama, amma cikinsa umarni ne ga kwamfuta. Da zarar an ajiye masa, sai ya kira shi, kwamfutar ta bi umarnin, daga nan shafi ya zama nasa. Zai iya karanta abin da ke ciki, ya sauya, ya goge, ya kuma bar wa kansa ƙofar baya da zai riƙa dawowa ko da an toshe ta farko. Ba ya bukatar kalmar sirrin kowa.

Maunder ya sake rubuta manhajar, suka haɗa kai da Gillbanks aka fitar da gyararriya, TimThumb 2.0, cikin wannan wata na Agusta. Daga baya ma wannan lamari ne ya sa ya kafa Wordfence, ɗaya daga cikin sanannun manhajojin tsaron WordPress. Sai dai fitar da gyara daban, isar gyaran ga masu shafi daban. An ci gaba da fasa dubban shafuka watanni da shekaru bayan haka, ana amfani da su wajen tura baƙi zuwa shafukan damfara da cusa wa kwamfutocinsu cuta.

Dalilin da ya sa ɓarnar ta daɗe

A ganinmu wannan shi ne babban darasin, kuma shi ya fi shafar ɗan kasuwa. Dalili na farko, mafi yawan masu shafi ba su san suna da TimThumb ba, domin ba su ne suka sa ta ba, a cikin rigar da aka saya ta zo. Wanda ya sabunta WordPress ɗinsa ya kwanta da murna, bai san cewa sabuntawar ba ta taɓa wannan fayil ba. Dalili na biyu, ko rigar da aka daina amfani da ita, muddin tana nan ajiye ba a goge ta ba, ɓarawo na iya kiran fayil ɗin kai tsaye. Dalili na uku, wanda ya gina shafin ya karɓi kuɗinsa ya tafi, babu wanda aka ɗora wa alhakin lura.

Bugu da ƙari, a watan Yuni na 2014 an sake gano wata ɓarakar a TimThumb, a wani sashe nata mai suna WebShot, ko da yake wannan karon ta shafi waɗanda suka kunna sashen ne kawai. A watan Satumba na shekarar Gillbanks ya sanar cewa ya daina kula da manhajar baki ɗaya, ya shawarci jama'a su bar ta. Ke nan fiye da shekara goma babu mai gyara ta. Duk shafin da har yau ke ɗauke da ita, yana tafiya ne da kwaɗon da maƙerinsa ya ce a jefar. Abin takaicin shi ne ba a ma bukatarta, domin WordPress da kansa yana rage hotuna idan aka ɗora su.

Kada a ɗauka matsalar ta manhaja ɗaya ce. A watan Mayu na 2016 an gano makamanciyarta a ImageMagick, wani tsohon tsarin sarrafa hoto da shafuka masu ɗimbin yawa ke dogaro da shi a ƙarƙashin ƙasa. Nan ma fayil ne ake aikowa da sunan hoto, cikinsa umarni. Hatta kamfanin Facebook sai da ya biya wani mai bincike ladan dala 40,000 saboda ya nuna masa cewa ɓarakar ta shafe shi. Haka nan a watan Satumba na 2023, bayan binciken cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto da ke Kanada da kamfanin Apple, aka gano rauni a tsarin karanta hotuna nau'in WebP, wanda ya tilasta wa Google da Mozilla da Microsoft da wasu fitar da gyara cikin gaggawa. Idan manyan kamfanoni masu dubban injiniyoyi sun yi tuntuɓe a kan hoto, to ina ga shafin da aka gina a kan jikka ɗari aka manta da shi?

Me ɗan kasuwa zai yi asara?

Wani zai ce, ni da nake sayar da wake da barkono, wane ɓarawon Turai ne ya san da ni? Amsar ita ce ba ya bukatar ya san ka. Masu kutse ba sa zama su zaɓi mutum, na'ura suke saki ta bi shafuka dare da rana tana ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya bayan ɗaya, tana neman tsohon fayil irin wannan. Wanda ta samu a buɗe shi ne rabonta, ko na Landan ne ko na Damagaram.

Asara ta farko ita ce ta kuɗi kai tsaye. Yawancin shafukan 'yan kasuwarmu ba sa karɓar kati, abin da ke kansu shi ne lambar waya da lambar asusun banki ko ta aika kuɗi. Wanda ya mallaki shafin zai iya sauya waɗannan lambobi da nasa, ya bar hotunan da sunan shagon yadda suke. A ce wani abokin ciniki a Agadas ko Kano ya ga lamba a shafinka ya tura kuɗin dila biyu, ya zauna jiran kaya. Ranar da zai kira ka, shi yana ganin ka ci amanarsa, kai kuma ko sisi ba ka gani ba. Wa zai raba wannan gardama?

Asara ta biyu ita ce ta suna, wadda ta fi ta kuɗi zafi, domin kasuwancinmu a kan amana da bashi yake tafiya. Idan Google ya gano shafi yana yaɗa cuta, yakan sa jan allo na gargaɗi a gaban duk mai son shiga. Abokin hulɗar da ya ga wannan sau ɗaya da wuya ya sake dawowa. Asara ta uku ita ce ta bayanan mutane, wato sunaye da lambobin wayar abokan ciniki da abin da suka saya, waɗanda 'yan damfara za su yi amfani da su su kira mutum da sunanka. A wannan fanni akwai kuma doka. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, Nijar ma tana da tata dokar da hukumar da ke kula da ita, ban da dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta 2019. Wanda ya tara bayanan mutane, alhakin tsare su yana wuyansa. Ɓarawon kuwa sau da yawa yana wata nahiya, inda sammacin kotunmu ba ya isa.

Duk da haka ya kamata mu auna abin da ma'auninsa, kada tsoro ya wuce kima. Wanda ke aika hoto ta WhatsApp kawai, wannan matsala ta TimThumb ba ta shafe shi ba, domin kamfanin ne ke rage hoton kuma shi ke kula da tsaronsa. Abin da ke kansa shi ne ya riƙa sabunta wayarsa da manhajojinta idan an nemi ya yi. Manyan makaman leƙen asiri da ake cusawa ta hoto, irin su Pegasus, suna da tsadar gaske, kuma 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutuka aka fi kai wa hari da su. Haɗarin da ke kusa da mu shi ne na tsohon shafin da babu mai dubawa.

Yadda za a auna haɗarin

Ɗan kasuwa ba sai ya koyi rubuta manhaja ba, kamar yadda ba sai ya zama makanike kafin ya sayi mota ba. Abin da yake bukata shi ne ya san tambayar da zai yi wa wanda ya gina masa shafi, ya kuma nace sai an ba shi amsa.

Tambaya ta farko, da me ake rage hotunan shafin, kuma wa ya rubuta shi? A nemi a rubuto sunayen duk ƙananan manhajojin da ke ciki a takarda. Idan sunan TimThumb ya fito, ko aka ga fayil mai suna timthumb.php ko thumb.php a cikin rigar shafin, a sa masani ya duba, in ita ce a cire ta, a kuma bincika ko an riga an shiga, domin cire kwaɗo bayan ɓarawo ya yanka mabuɗin ƙofar baya ba ya hana shi dawowa.

Tambaya ta biyu, yaushe rabon da mai manhajar ya sabunta ta? A ma'ajiyar WordPress ana nuna ranar sabuntawa ta ƙarshe da yawan masu amfani da kowace manhaja. Wadda ta shekara biyu ba a taɓa ta ba abar tuhuma ce, komai kyan aikinta.

Tambaya ta uku, daga ina aka samo rigar shafin? Akwai rigunan sayarwa da ake sata a raba kyauta, kuma wasu masu gini kan yi amfani da su don su rage kuɗin aiki. Irin waɗannan ba sa samun gyara daga masu su, wasu ma da cutar a ciki ake raba su. Araha ba ta ado. A nemi ganin rasiɗin saye.

Tambaya ta huɗu, shin manhajar tana ɗauko hoto daga wasu wurare na waje, ko tana barin baƙo ya ɗora nasa? Waɗannan biyun su ne manyan ƙofofin haɗari. Idan kasuwancinka bai bukace su ba, a rufe. Idan ya bukata, alal misali abokan ciniki na turo hoton rasiɗin biya, to a tabbatar an hana kwamfutar bin kowane umarni daga wurin da ake ajiye hotunan. Wannan aiki ne na mintoci ga wanda ya sani.

Tambaya ta biyar, wadda ta fi duka, wa ke lura da shafin bayan an gama gini? Mun saba biyan mai gadin kasuwa duk wata ba tare da gardama ba, amma shafi sai mu ɗauke shi kamar allon da aka rubuta aka kafe a bakin shago. Ya kamata a yi yarjejeniya a rubuce, a ware ɗan abin da za a riƙa biya, wanda ya ƙunshi sabuntawa, da goge duk riga da manhajar da ba a amfani da su, da ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam. Har ila yau sunan shafin da kalmomin sirrinsa su kasance a hannun mai dukiya, kada ya zama yaron ya tafi karatu ko ya sauya lamba, shago ya tafi da shi.

Ga masu saye kuma, shawararmu ita ce kada a tura kuɗi masu yawa ga lambar da aka gani a shafi kawai. A kira mutumin ta lambar da aka san shi da ita tun da, a ji muryarsa, a karanta masa lambar asusun ya tabbatar. Idan aka ga lamba ta sauya ba sanarwa, a dakata. Shi ma mai shafin ya riƙa buɗe shi da wayarsa ko sau ɗaya a mako, ya duba ko lambobinsa suna nan yadda ya bar su.

Daga ƙarshe muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da shugabannin kasuwanni na ɓangarorin iyaka biyu da su ɗauki wannan batu da muhimmanci. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfin ƙungiya ba. Za a iya ɗaukar amintaccen masani guda ya riƙa duba shafukan 'yan ƙungiya duk wata uku, a raba kuɗin, kamar yadda ake haɗa kuɗin gadi da na shara. Waɗanda TimThumb ta cutar a 2011 suna da uzurin cewa ba a san da ɓarakar ba sai da ta faru. Mu da muke da labarin tun shekaru da dama ba mu da wannan uzuri, don haka duk mai shafi ya kira wanda ya gina masa cikin makon nan, ya fara da tambaya ta farko.